Ranar da Na Kai Tokar Delmus Kallon Ƙwallo Gidan Maƙiya

Ranar Laraba da hantsi aka rako mu, ni da mijina, har bakin ƙofar ofishin kamfanin kebul, masu kawo mana tashoshin talabijin ta igiya, aka ce mu gaida gida. Ni da ƙafata na fito. Shi kuwa Delmus a jakar cefane na fito da shi, don tun shekarar babbar ambaliya ya rasu, aka ƙona gawarsa yadda ya bar wasiyya, aka miƙo mini tokar a wani ɗan tulu kore mai murfi, kalar rigar 'yan wasanmu.

Kafin wani ya ce tsohuwa ta zare, ku tsaya ku ji. Ni Verlene Goolsby ban yi karatun kirki ba. Ina aji huɗu aka cire ni aka sa ni tsinkar auduga, daga nan sai masana'antar figar kaji, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Editan jaridar nan ne ya ƙosa da buga masa tebur da nake yi, ya ce in riƙa rubutowa. To ga shi, kuma kada ya taɓa mini ko kalma.

Delmus bai taɓa leƙa ajin jami'a ba, amma duk faɗin jihar nan babu mai son Tarwada, ƙungiyar jami'armu ta ƙwallon Amurka, irin wanda ake runguma a ruga da shi, kamarsa. Mutumin da idan muka ci wasa yana sanye da wata safa, to ba za ta ga ruwa ba sai kakar wasa ta ƙare. Haka dokar take a wurinmu: abin da kake yi ranar da aka yi nasara, shi za ka maimaita, ba ragi. Yana kwance a asibiti, robar iska a hanci, bai ce in kula da gida ba, bai ce in yafe masa ba. Cewa ya yi, "Verlene, kada ki bari wasanmu da Balbelu ya wuce ni." Balbelu su ne 'yan jami'ar noma ta can arewa, masu farar riga da ratsin ruwan goro, sau ɗaya muke karawa a shekara. Na ce to. Tun daga nan, duk Asabar ɗin wasan nakan goge tulun, in ɗora shi a kujerarsa, in kifa masa hularsa, in juya shi ya fuskanci talabijin. Tun da ya tafi ba mu ci Balbelu ba ko sau ɗaya, amma dai duk kashin da muka sha a gabansa aka yi.

Sai ga makon wasa ya zo. Ranar Litinin na kunna tashar wasannin jami'o'i don in ji wa ya karye, wa ya warke. Ba komai sai shuɗin allo da rubutu. Na sa tabarau na bi shi harafi-harafi. Wai kamfanin kebul na baƙin cikin sanar da ni cewa masu tashar sun janye ta saboda haɗama, shi kuwa yana nan yana yaƙi domina. Na buga wa masu tashar. Wata murya da aka naɗa ta ce su ma suna baƙin ciki, kamfanin kebul ne ya ƙi biyan abin da ya dace, su kuwa suna nan suna yaƙi domina.

Kun ji mai sa'a. Ni da ko a rikicin filin ubana ban samu mai tsaya mini ba, yau ga attajirai biyu suna dambe a kaina. Mai Girma Sarkin Igiya ya hana kansa barci, Mai Martaba Magajin Tasha ya ƙaurace wa abinci, duk don wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da ƙaramin karatuna ya kasa gane mini shi ne, su biyu ke naushin juna amma ni ce ke kumbura. Takardar biyan wata kuwa ba ta shiga rikicin ba. Ta zo kan lokacinta, da ƙibarta.

Na kira ofishin mai girma wakilinmu a majalisa, wanda lokacin neman ƙuri'a ya cinye mini rabin faranti na dankali a cocinmu, yana cewa matsalata matsalarsa ce. Mai ɗaukar waya ta ce abin ya dame shi ƙwarai. Na ce shi a ina zai kalli wasan? Ta ce a filin wasa, cikin ɗakin gilashi na manyan baƙi. Na ce ta gaishe shi, ta ce masa ya tafi da rigar sanyi, kada na'urar sanyaya ɗakin ta cutar mana da shi.

Shi ya sa ranar Laraba na ɗauki Delmus muka tafi ofishin kebul. Na dangwarar da tulun a kan kanta. Yarinyar da ke wurin, sunanta Latrice a rubuce a ƙirji, ta dube shi ta dube ni.

"Iya, mene ne a ciki?"

"Mai asusun ne. A waya kun ce ba ku magana da kowa sai wanda sunansa ke takarda. Ga shi na kawo muku. Yi masa bayani."

Ta ɗan ja kujerarta baya. "Iya, tsakani da Allah, mu ma a gidanmu babu tashar. Babana ya daina amsa gaisuwata. Ki daure zuwa Juma'a. Kullum haka suke yi, sai an zo gab da wasa su shirya."

"'Yar nan, na girmi uwarki. Na san alkawarin Juma'a. Ku zo ku cire igiyarku daga bangona yau ɗin nan."

Na faɗi wasu maganganun kuma da ba zan maimaita ba, don Fasto na karanta jaridar nan. A nan ne wani mai laƙataye ɗaure a wuya ya fito, ya rako mu ƙofa cikin ladabi.

Muna fita, a wurin ajiye motoci, sai ga wata 'yar rumfa. Mutumin kamfanin dish ne ya kafa ta daidai bakin ƙofar abokan gabarsa, yana tarar masu fitowa a fusace. Ya ce, "Mama, rabu da su. Mu daga sama muke ɗauko hoto, ba ruwanmu da igiya. Tashar Tarwada na nan daram." Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, har Delmus ya gaisar. Na sa hannu a kan shekara biyu ban karanta ko layi ba. Washegari aka kafa mini dish a kan rufi, tasha ta dawo tar.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Ozella Crump. Katanga ɗaya ta raba mu, benci ɗaya muke zama a ƙungiyar mawaƙan coci, amma 'yar Balbelu ce tun daga gashi har farce. A makon wasa ba ma gaisawa. Mu 'yan Tarwada ba ma cin tarwada a wannan mako, ko a mafarki. Su kuwa 'yan Balbelu ranar wasa suke soya ta da gayya, kuma Ozella a tsakar gida take suyarta, ta kafa fanka ta juyo da ƙamshin ɗakina. Ita ma kebul gare ta, ita ma tasharta ta ɗauke. Don haka ranar Juma'a na karya doka na leƙa ta katanga.

"Ozella, in kina son jin yadda aka tashi wasa gobe, ki tsaya a bakin tagata. Zan ƙara miki murya."

Ba ta ko ɗago daga shanyar da take yi ba. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Asabar da safe na goge Delmus, na kifa masa hula, na danna rimot. Shuɗin allo. Na sa tabarau. Wai kamfanin dish na baƙin cikin sanar da ni cewa yarjejeniyarsa da masu tashar ta ƙare jiya, kuma yana nan yana yaƙi domina. Ina tsaye rimot a hannu, sai na jiyo gangunan 'yan badujalar filin wasa suna tashi daga tagar Ozella. Ashe Sarkin Igiya da Magajin Tasha sun shirya tun yammacin Juma'a, kamar yadda yarinyar nan ta faɗa.

Na zauna na yi lissafin wuraren zuwa. Rediyo na nan, amma Delmus gani ya saba yi. Mashayar bakin titi na nuna wasa, amma a gaban Fasto ya rantse ya bar shigarta, ba zan karya masa rantsuwa yana toka ba. Saura gida ɗaya. Na dubi tulun na ce, "Ka dai san abin da ka ja mini." Na rungume shi na zagaya katanga.

Ozella ta buɗe ƙofa sanye da ruwan goro har ɗan kunne, cokalin suya a hannu.

"Wa nake gani? Ba ke ce ake saukar wa hoto daga sama kamar wahayi ba?"

"Ba don kaina na zo ba."

Ta dubi tulun da hularsa. Sannan ta ce, "Ɗan'uwa Delmus, shigo, gida naka ne. Ke kuma goge ƙafarki."

Ta ɗora shi a kujerar marigayin mijinta, ta tokare shi da matashi mai hoton balbela. Ni ta nuna mini wani ɗan benci kusa da ƙofa. Aka fara wasa, aka fara ba mu kashi kamar kullum. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci ta dire mini faranti a cinya: tarwada soyayya da garin masara, tana tururi, ga yaji.

"A gidan nan ba a kallo da bakin wofi," in ji ta.

Jama'a, tun safe ban karya ba. Na juya wa Delmus baya kaɗan, na gutsura. Ban gama taunawa ba, wani ɗan wasanmu ya yi tsalle ya cafke ƙwallon da Balbelu suka jefa wa nasu, ya kwasa a guje, ƙartai na zubewa a bayansa, har ƙarshen fili, muka ci. Na dubi kifin. Na ɗauki yanka na biyu. Muka sake ci.

"Ajiye kifin nan, Verlene."

"Ke kika ce ba a kallo da bakin wofi."

"Na ce ajiye. Hawan jini gare ki."

Ta kama faranti ta gefe ɗaya, na riƙe ta ɗayan, ina ci da hannun hagu. Haka aka busa tashi, mun ci Balbelu karo na farko tun ambaliya, ina maiƙo har gwiwar hannu, Delmus na zaune a kujerar maƙiyi yana gani. Na yi kuka, kuma ba na yaji ba ne duka.

To yanzu ga halin da manyan nan suka jefa ni. Doka doka ce. Baɗi dole in koma gidan Ozella, in zauna a bencin nan, in ci tarwada daga hannunta, shi kuma ya jingina da matashin balbela. Ozella ta riga ta rantse cewa baɗi kaza za ta dafa, kuma da kwaɗo a ƙofarta. Kenan ina da shekara guda ta lallashin matar da na yi rabin rayuwata ina harara. Jiya har shara na yi mata.

Don haka ina nan ina neman haƙƙina. Duk wanda ya san ƙofar da ake kai ƙarar mutanen da suka yi yaƙi domin mutum har suka kayar da shi, ya faɗa wa edita. Dish kuwa yana nan a kan rufi, shi da shuɗin allonsa, sai shekara biyu ta cika. Ba zan ce ba shi da amfani ba. Yau da safe na ga wata farar balbela ta taso daga makiyayar bayan gari, ta sauka a kansa, ta gyara tsayuwa, ta yi abin da ya kawo ta, ta tashi.