Sharar da Inna Ta Yi Mini a Bakin Tafki

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko ba, ko da yake na so in manta. Ina sabon fitowa daga makaranta shef, wato shugaban ofishinmu a Yamai, ya tura ni wani ƙauye kusa da Gaya. Wata masana'antar jima ce ke zubar da baƙar laka a rami, dab da tafkin da mutane ke kamun kifi. Aikina in duba ko lakar na kashe tsuntsaye da sauran halittu. In na rubuta babu illa, za a ci gaba da zubawa.

Kullum sai na karya, na sha shayi, sannan in isa tafki da hantsi da kayena (har da tabarau, don a san ilimi ya zo). Bakin ruwa fes, ko gashin tsuntsu babu. Kwana shida ina rubuta abu guda: ban ga gawa ba. Akwai wata tsohuwa mai bandar kifi da nake tararwa tana wanke hannu. Ta ce mini "Fofo", wato sannu, in ɗaga mata bik ɗin da nake rubutu da shi, in wuce.

Ranar ƙarshe aka taru a ƙofar mai gari. Na gyara murya na ce tafkinsu lafiya lau yake. Masunta suka dubi juna. Sai tsohuwar nan ta matso, tana jin kunya kamar ita ta yi laifi.

"Ɗana, ai ni ke kwashe su."

"Kwashe me, Inna?"

"Matattun. Balbela, zalɓe, kwaɗi. Bayan sallar asuba nake zuwa. An ce baƙo ya zo daga Yamai, yaya za mu bari ya tarar da ƙazanta?"

Ta kai mu bayan wata giginya inda take binne su. Na tsaya a kan ramin, gumi na bin bayana, idona ya cika da ƙwalla. Tafkin nan shi ke ciyar da ita, kuma saura ƙiris in sa hannu a kashe shi. Ita kuwa haƙuri take ba ni, wai ta ɓata mini aiki.

Na yaga rapor ɗin, wato rahoton da na rubuta, na ƙara mako guda ina binta da asuba, ita ke nunawa ni ke rubutawa.

Tun daga ranar, duk inda na je aiki na tarar da wuri tsaf, kafin in yi murna sai na tambayi wanda ya share.