Dodon da Na Fassara a Ranar Iyaye

Ba zan taɓa mantawa da ranar iyaye ta wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Gusau, ba. An ɗauke ni koyar da zane na gwaji, kuma a ranar ne mai makarantar, Hajiya, za ta yanke ko a riƙe ni ko a sallame ni. Ina bukatar aikin nan ƙwarai.

An manna zanen yara a bango, iyaye suna zagayawa. Ni kuwa na karanta ilimin alamomi a kwaleji, wato yadda ake duba abin da ke cikin zane a faɗi ma'anarsa da ajinsa, kuma tun da na gama ba wanda ya tambaye ni. Da na ga Hajiya ta matso, sai na tsaya gaban zanen wata 'yar aji uku, Nafisa, na gyara murya.

Na ce wannan ajin halittun tatsuniya ne, Dodo ne sak. Ƙaton tumbin alamar haɗama ce. Jajayen idanun mugunta ce. Sandan da ke hannunsa zalunci ne. (Koriyar hular da ke kansa ce ta gagare ni, sai na ce sarautar banza ce, alhali irinta ce a kaina.) Iyaye suna gyaɗa kai, ni ina ƙara zuba.

Sai mahaifiyar Nafisa ta ce a hankali, "Malam, wanga ai kai na. Cewa anka yi su zana wanda sunka hi so, ita ko taz zana ka. Ba sanda ba ce, rularka ce."

Nan take dariya ta ɓarke. Na dubi tumbina, na dubi na bango, ban ga inda yarinya ta yi ƙari ba. Nafisa kuwa idonta ya cika da hawaye. Wannan ya fi dariyar ƙona mini rai.

Da aka watse Hajiya ta kira ni ofis. Na shiga na riga na saduda.

"Za mu riƙe ka, Malam," in ji ta, "tunda ga shaida a bango yara na son ka. Amma fassara, ka bar ta."

Tun daga ranar, in dai mai zane yana da rai kuma yana tsaye kusa da ni, shi nake fara tambaya.