Yatsan da Na Bari a Bakin Alhaji Modu

Muna tsaye a kasuwar shanu farfaɗiya ta kayar da maƙwabcina, Alhaji Modu. Na ture jama'a ina cewa, "Ku matsa, na san aikin nan! Kada ya haɗiye harshensa!" Da ban samu cokali ba, sai na cusa masa yatsana a baki.

Haƙoransa suka datse. Rabin yatsan ya tafi, shi kuma ya kusa shaƙewa da jinina.

A asibiti nas ta ce, "Baba, ba mai iya haɗiye harshensa. Kwantar da shi ake yi ta gefe, ba a sa komai a baki."

Har yau a Yerimaram, ko ta'aziyya na je, sai wani ya raɗa, "Ga Dokta Tara-da-Rabi nan."