Yadda Za Ka Kulle Waifai Ɗin Gidanka Irin Na Don Ubaldo

Idan ka shigo layinmu a garin Soledad ka tambayi waye Don Ubaldo Cantillo (a nan "Don" laƙabin girmama dattijo ne), mai shagon kwana zai ce maka, "Tsohon direban bas ne, ya tsufa a kan titi bai taɓa yarda shi ne da laifi ba." Masu babur ɗin haya da ke fakewa a inuwar bishiyar ƙofar gidansa za su ce, "Mutumin kirki ne, amma ko ƙafarka ya taka, kai za ka ba shi haƙuri." Fada na cocinmu kuwa cewa ya yi duk ranar da Ubaldo ya zo ikirarin zunubi, zunuban maƙwabta yake kawowa.

Ni ba ni da ta cewa, domin ni matarsa ce. Sunana Nereida. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na koyi karatu, shi ya sa har yanzu kunnena ya fi bakina aiki. Abin da na ji na kuma gani shi na tsara maka a nan. Bi matakan nan yadda suke, na yi maka alkawari ko sauro ba zai shiga intanet ɗinka ba.

Mataki na 1: Fara da gano ɓarawo

Jira sai ana tsakiyar ƙwallo hoto ya daskare, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Kada ka duba ko ruwan sama ne. Kada ka tuna cewa akwatin intanet ɗin yana bayan firiji, ƙarƙashin kwandon rogo. Miƙe ka leƙa taga. Duk wanda ka gani riƙe da waya, shi ne.

Haka maigidana ya yi. Kalmar sirrinmu a lokacin sunan karenmu ce, kuma Ubaldo da bakinsa ya raba wa rabin unguwa ita ranar da aka kawo akwatin, don a san ya yi intanet. Wannan ma kada ka tuna.

Mance kuma da wadda ke bayan katanga. Tamu ita ce Zoraida, bazawara, wadda muka zauna benci ɗaya a ajin manya. 'Yarta Yurleidis tana aiki a Chile. Ubaldo ne ya riƙe yarinyar ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa yake ce wa uwar komadre, ita kuma tana ce masa kompadre. Kullum da yamma Zoraida takan kifa bokiti a gindin katangarmu, inda intanet ɗinmu ke tsallakawa, ta zauna da tsohuwar wayar da 'yar ta bar mata suna hira fuska da fuska. Ta saman wannan katangar kuma wani kwanon silba yake zirga-zirga tun ƙuruciyarmu: ya zo da soyayyen kifi da shinkafar kwakwa, ya koma da miyar sancocho. A nan ba a mayar da kwano wayam.

Mataki na 2: Zaɓi kwaɗo, amma kada ka ji ƙarshen magana

Ɗauki akwatin ka kai shagon masu gyara. Mu wata mata muka samu, mai haƙuri. Ta ce kwaɗo iri uku ne. Akwai tsohon yayi, WEP, wanda ta ce bai fi ka rufe ƙofa da tabarma ba. Akwai WPA2, wanda yawancin gidaje ke kwana da shi lafiya. Sai sabo fil, WPA3.

"Wanne ne babba?" in ji Ubaldo.

"Na ukun ya fi ƙarfi, Don. Amma ana iya haɗa biyun, domin..."

"Ni ba na haɗe-haɗe, yarinya. Sa mini babban, shi kaɗai."

Ta sa. Ya rungumi akwatinsa ya yi waje. Ni da na tsaya ɗaukar jakata na ji sauran: "...tsofaffin wayoyi da talabijin ba sa iya shiga da shi, ko an ba su kalmar daidai."

Koyi da shi. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma wannan maganar matsorata ce. Namiji rabin bayani ya ishe shi.

Mataki na 3: Raɗa masa sunan da zai yi magana a madadinka

Sunan waifai kowa na ganinsa a wayarsa, daga wannan kwana zuwa waccan. Kada ka ɓata damar da wani suna kamar "Gidan Cantillo". Ubaldo sa nasa ya yi NEMI NAKA ƁARAWO.

Masu babur suka karanta suka yi ta dariya. Ɗaya ya ɗaga murya, "Don Ubaldo, inuwar fa? Ita ma za ka sa mata kwaɗo?"

Da yamma na ji an kifa bokiti bayan katanga. Na ji Zoraida tana haɗa baƙaƙen a hankali, yadda malamarmu ta koya mana: "Ne-mi... na-ka..." Jim kaɗan na ji an ɗauke bokitin.

Mataki na 4: In kyauta ta zama dole, yi ta da wulaƙanci

Za a samu mai matsa maka. A gidanmu ni ce. Na ce, "Tsoho, ranar Lahadi za a yi wa jaririyar Yurleidis baftisma a can. Ta waya kakar za ta gani. Ba ta taɓa riƙe jikar ba, ko wannan a bar mata."

Ya yi tsaki ya ce shi ba da komadre yake ba, da 'yan iskan titi yake. Ya rubuta sabuwar kalmar, doguwa kamar jerin gwano, ya miƙa ta saman katanga.

Ta gwada. Ta sake gwadawa.

"Kompadre, ta ƙi."

"Babban baƙi ne a farko."

"Na sa babba."

"To sifili ne, ba wasalin 'o' ba."

"Kompadre, ido gare ni."

A nan gwaninta take. Kada ka ce wataƙila matsalar daga wajenka ce. Faɗi abin da ya faɗa, da muryar da ya saba kiran fasinja: "Komadre, karatun tsufa ai ba karatu ba ne. Nemo wanda ya iya ya danna miki."

Washegari na tarar da kwanon silba a kan katanga, an wanke shi tas, an goge, ba komai a ciki.

Mataki na 5: Ci moriyar nasara

Yanzu intanet naka ne kai kaɗai. Masu babur sun koma inuwar wani. Kifi ya daina tsallako katanga. Zauna a kujerarka mai lilo ka ji daɗin shirun.

In matarka ta ce, "Tsoho, matar shagon nan ta ce tsofaffin wayoyi..." katse ta. Ce mata, "Ke ma ai ajinku ɗaya da komadre." Nawa haka ya ce, na ci gaba da ɓare ayabata.

Na zagaya na kai wa Zoraida wayata, wadda sabuwa ce, tana shiga. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Nereida, wayarki daga rijiyarsa take sha. An kira ni ɓarauniya a gaban unguwa, an kira ni jahila a bayan gida. Na ƙoshi." Na ce baftismar fa? Ta ce katin da take sawa a waya, in ana kiran bidiyo, ba ya kai ta ko ƙarshen waƙar farko ta coci, amma Yurleidis za ta ba ta labari. Ta faɗi haka tana goge rigar da ta ɗinka musamman don ta zauna a kan bokiti ranar Lahadi.

Mataki na 6: Koyar da talabijin karatu

Ranar Asabar akwai babban wasa. Kunna tsohuwar talabijin ɗinka, wadda ba ka nemi intanet da ita ba tun da aka canja kwaɗo. Za ta nemi kalmar sirri. Ba ta.

Ubaldo ya ba ta, ta ƙi. Ya sa tabarau ya ba ta, ta ƙi. Ya ɗauko takardar ya bi baƙi-baƙi, yana motsa leɓe yadda muke yi a aji. Ta ƙi. Daga gidajen layi ana ta ihu an ci ƙwallo, shi yana tsaye yana gumi da rimot a hannu.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na ajiye masa kofi na ce, "Tsoho, ko in nemo wanda ya iya ya danna maka?"

Ya dube ni. Ya dubi talabijin. Sai ya juya ya daɗe yana kallon katanga ta taga. Bai sha kofin ba. Ya cire akwatin ya maƙale shi a hammata ya koma shago, wannan karon ya tsaya har matar ta kai aya. Ta haɗa masa kwaɗon biyu, sababbi su shiga ta sabo, tsofaffi ta na da. Ya dawo talabijin ta kama nan take, daidai lokacin da ake tashi daga wasa.

Mataki na 7: Ba da haƙuri ba tare da buɗe baki ba

In ka zo nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada, amma akwai sauran dabara. Canja sunan. Safiyar Lahadi duk wayar da ke layinmu ta tashi da sabon rubutu: KOMADRE KI YI HAƘURI.

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci masu babur sun dawo inuwarmu, mai shago ya baro shagonsa, mata sun fito share ƙofar gidan da suka riga suka share. Ubaldo ya tsaya a tsakar gida yana jiran ya ji an kifa bokiti. Lokacin baftisma na matsowa. Ba a kifa ba.

Can sai muryar Zoraida ta tsallako, a natse.

"Nereida!"

"Na'am, komadre."

"Na ji ana cewa an yi wani rubutu a waya. Ki gaya wa mijinki ni karatun tsufa na yi. In akwai magana, kunnena lafiyarsa ƙalau."

Na ɗauko kujerar tsugunno na ajiye a gindin katanga, na koma gefe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin kwanon da ya dawo maka wayam ba, ko wasan da ya wuce ka, ko matar da ta riƙa zuba maka abinci ba ta kallonka. Abin da na yi alkawari shi ne ba wanda zai shiga, kuma ba wanda ya shiga. In kuma ka biyo matakan har ka iso na bakwai, babu na takwas. Babu shagon da ke sayar da abin da ya rage.

Zoraida ta ga an zuba wa jikarta ruwa a ka, tana zaune a kan bokiti cikin sabuwar rigarta, tana kuka tana dariya. Da yamma kwanon silba ya tsallako da kifi, kan kifin da Ubaldo ke so yana sama.

Amma kafin duk wannan sai da ya taka kujerar, gwiwoyinsa na ƙara, kansa ya bayyana a saman katanga inda duk layi ke ganinsa. Ya cire hula. Ya buɗe baki ya rufe. Wani mai babur ya ce, "Don, ba ma ji daga nan!"

Sai ya faɗa da muryar kiran fasinja.

"Komadre Zoraida, daidai kika danna. Ke ba ɓarauniya ba ce, kuma kin fi ni karatu. Ni ne na yi laifi. Ki yafe mini."