Ranar da Na Yi wa Kibod Wanka

Da aka tura ni Bakura buga takardun manoman rani, iyalina suna Maradun, ba ni da abokin hira sai ƙaf-ƙaf ɗin tsohon kibod ɗin kwamfutata. Kullum ina cika baki cewa ko ruwa ba ya kashe shi. Da ƙaiƙayin shinkafa ya cika shi, sai na kai shi magudanar ruwan dam ɗin Bakolori, na dirje shi da sabulu kamar tukunya.

Baba maigadi ya ce, "Mallam, ka tabbata?"

Na ce, "Zuba ido, Baba."

Kibod ɗin ya bushe, amma bai sake ko tari ba. Ofis ya yi mini tsit.

Har yau in na wuce, manoma kan ce, "Mallam, yau kuma mi za a wanke?"