Injiniya a But ɗin Pijo

"Ni da na gyara wa Bature agogo, fitilar mota ce za ta gagare ni?"

Haka Callistus ya faɗa a ƙofar coci a unguwar Muciya da ke Sabon Gari, yana shafa tumbi. Kada ka tambaye ni wane Bature. Mu da muka san shi, ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidansa, matarsa Susanna ke hawa kujera ta canza. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, mu kuwa a bayan idonsa Ɓata-Gyara muke ce masa.

Abin tinƙahonsa wata tsohuwar Pijo ce da ya gada wurin mahaifinsa. Mota kam mota ce, sai dai fitilunta sun yi harara garke. Ga bikin Janet, 'yar ƙaninsa, ya matso, kuma sai rana ta faɗi za a kai amarya Samaru. Kawun ango, Adebayo, ya ce a ɗauke ta a sabuwar motarsa. Callistus ya yi tsalle ya dire.

"A Pijon nan aka kai uwarta, a cikinta za a kai ta! In ba haka ba, ku daina ce mini Injiniya."

Susanna ta ce, "Baban Keziya, ka kai wa mai wayarin a bakin kasuwa mana ya daidaita fitilun."

"Waɗannan yaran? Ni zan koya musu aiki!"

Ana jajiberin biki ya dawo daga gonarsa ta Bomo, but cike da buhunan masara, bayan mota har yana shafar ƙasa. Bai sauke ba. Ya fuskantar da ita katanga, ya ja layi da alli, ya kunna fitila. Haske ya tafi can saman mangwaron maƙwabta.

"Kin gani? Sama suke kallo. Sai ƙwararre ke gane wannan."

"Baban Keziya, ai masarar..."

"Masara zancen tuwo ce. Nan aikin ƙwaƙwalwa ake yi."

Ya yi ta murɗa sukurori har hasken ya sauko kan layin allinsa. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara ɗaurewa. Na dama ya ce ƙas, na hagu ya bi sahu. Gogan naka ya tsiyaya musu gam, ya kaɗe hannu.

"Yanzu ko girgizar ƙasa ba ta motsa su."

Da safe aka sauke masara, bayan mota ya ɗaga abinsa.

Da magariba amarya da ƙawarta, dukansu sirara, suka shiga baya. Callistus ya sha babbar riga, ya kunna fitila. Haske ya zube dab da tayoyin gaba kamar kaza na tsintar dawa. Ba su bar unguwa ba ya faɗa rami, ya fito, ya nufi kwata. Amarya ta ƙwalla ihu. Ayari ya tsaya.

Adebayo ya leƙo. "Oga Injiniya, me motarka ke nema a ƙasa? Abeg, ba mu amaryarmu."

Callistus ya ɗauko sukundireba yana gumi. Ina! Gam ya riƙe, kamar yadda ya yi alkawari.

Susanna ta ce, "Da nauyin masara ka daidaita su. Sai an mayar da nauyi baya za su ga hanya."

Wa ke zuwa biki da buhun masara? Sai idanu suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya a kan tumbin Injiniya.

Susanna ta ce, "Ko ka shiga but, ko Janet ta koma motar Adebayo. Zaɓi ɗaya."

Wallahi ya shiga. Ya naɗe babbar riga, ya duƙunƙune, murfi a buɗe. Nan take haske ya miƙe sambal. Susanna, wadda ke da lasin amma bai taɓa barinta ta taɓa sitiyarinsa ba, ta ja mota. Daga Sabon Gari har Samaru motocin ayari na haska shi, 'yan acaɓa na yi masa sannu da hanya. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

A ƙofar gidan ango, kakar ango ta ga but a buɗe, ta ce wa mata, "Ku zo ku sauke kayan gara!"

Susanna ta leƙo ta taga.

"A bar shi, Mama. Ba gara ba ne, kayan gyaran fitila ne. Da shi za mu koma gida."