Takalmin Kalilu a Gangar Banda

Kalilu ɗan'uwana, ka san Maliki Injiniya, mai cewa in aka ba shi guduma da waya zai gyara jirgin sama yana cikin tafiya. To, wata huɗu da kai ka makwancinka, hannunsa ya kai kan takalminka na taya.

Ni na ba Ja'afar, abokin tserenka, don nasa ya yage, ga tsere washegari a Birnin Kebbi. Amma takalmin ya ƙi shi. Har yanzu ƙafarka ce a ciki, siririya, da ɗan ramin da idon sawunka ya yi. Ja'afar ya kira kocinku Ephraim a Gwadangaji. Kocin ya ce a cire tayoyin, a ɗumama takalmin a murhun gashi na lantarki da wuta kaɗan, minti goma sha biyar, sannan mai shi ya sa, ya ɗaure, ya zauna har ya huce, sai ya ɗauki siffar ƙafarsa.

Maliki yana teburin mai shayi, kunne a miƙe kamar na zomo.

"Wanga shi na aiki?" in ji shi. "Ni da nag gyara injin ban-ruwa ta waya, mai shi na Gulma ni ina Argungu? Kawo nan, yaro."

Ja'afar ya ce ai babu murhun lantarki. Maliki ya yi dariyar manya, ya ce wuta duk wuta ce, Bature ne kawai ya sa wa tasa maɓalli. Ya rungumi takalmin ya nufi gangaren gulbi, inda Inna Adawiyya ke bandar kifi a cikin ganga.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Maliki, mi kaka so da gangata?"

"Kimiyya, Inna. Matsa da tarwaɗarki."

Ya kwantar da takalmin tsakanin tarwaɗa da ragon ruwa. Cire taya kuwa, ya ce aikin raggwaye ne. Jiƙaƙƙen buhu ya naɗa musu. Da Ja'afar ya nuna agogo ya ce lokaci ya cika, sai ya ce injiniyan gaske da hanci yake auna zafi. Ya tsuguna yana shinshina, yana ba masunta labarin yadda ya taɓa koya wa wani Basine, mutumin ƙasar Sin, ɗaurin kusa. Sai da labarin ya kai minti arba'in.

Takalmi ya fito ja wur, yana naso, ya yi laushi kamar ƙosai. Ja'afar ya miƙa ƙafa, Maliki ya ture ta.

"A'a. Sai babba ya buɗa hanya, kada ka ƙone."

Ka dai san ƙafar Maliki: faɗinta kamar faranti, babban yatsan kamar albasar Augie. Ya cusa ta dama, ya cusa ta hagu. Zafi ya ratsa shi har ƙeya, ido ya kawo ruwa, amma jama'a na kallo, sai ya ce hayaƙi ne. Ya ja igiya tam, ya harɗe hannu, ya ci gaba da labarin Basine. Takalmi kuwa ya yi abin da Ephraim ya ce zai yi. Ya huce, ya sandare, ya haddace ƙafar Maliki yatsa-yatsa.

Aka zo cirewa, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ja'afar ya ja, masunta biyu suka ja, Inna Adawiyya ta tsiyaya man gyaɗa. Shiru. Ja'afar ya zauna a ƙasa ya dafe kai, tsere ya tafi. Maguna kuma, da ƙamshi ya kai musu sammaci, suka fara hallara, har da wata mai ciki.

"Ku ja baya," in ji Maliki. "A tsaye aka cire irin wanga."

Mutumin da ko keke sai an riƙe masa, ya miƙe a kan taya, a bakin gangare. Ƙafar dama ta yi sallama, ta hagu ta bi ta. Ya wuce shanyar shinkafa, ya wuce mai wanki, babbar riga ta buɗe kamar tutar kamfen, maguna tara na biye. Yana ihu a kama shi, yana ƙarawa da cewa da gangan ne. Sai tsundum.

Tsoho Arzika na cikin kwalekwale, ya sa homar kamun kifi ya kwaso shi, tayoyi na juyawa a sama. Ya sunkuya ya shinshina, ya juyo ga mutanen bakin gaɓa.

"Shekara arba'in ina su cikin gulbin ga," ya ce, "yau na fara kama kihin da ya fito a bandace."

Da zarto aka fitar da ƙafarsa daga takalmin, Kalilu. Ramin idon sawunka ya tafi, kuma ina tsaye a wurin ina dariya har na riƙe ciki, ta farko tun ranar da ruwan wankanka ya bushe a tsakar gida. Innarmu tana zaton takalmin na ƙarƙashin gadonka. Ban gaya wa kowa a gida ba tukuna.